Takun Direba

"Koma ki sake tahowa," in ji tsohon maƙwabcinmu. "Kar ki yi min tafiyar 'yan gayu. Yi irin wadda kike yi in mamanki ta aike ki kina fushi."

'Yata ta tuntsire da dariya, ta juya ta koma ƙarshen baranda. Shi kuwa yana zaune a kan kujerarsa ta katako a ƙofar ɗakinsa, ya jingina ƙeya da bango, idanunsa a rufe. Ni ina biye da ita hannuwana a buɗe, ina jira ta yi tangaɗi in cafe ta.

"Ke kuma matsa gefe," ya ce, bai ko buɗe ido ba. "Takunki yana rufe min nata."

"Baba, in ta faɗi fa?"

"In ta faɗi sai ta tashi. Ƙasa ba ta haɗiye mai rai."

Na matsa, ba don raina ya so ba. Ta taho: ƙafar dama da Allah ya ba ta, ƙafar hagu da ya gama haɗa mata jiya. Da ta iso gabansa sai ya durƙusa da kyar, ya zaro wani ɗan makulli lanƙwasasshe daga aljihun rigarsa, ya nufi ɗaya daga cikin ƙananan notuna huɗu da ke wajen idon sawun ƙafar. Hannunsa na rawa. Sau uku yana kuskure ramin kafin makullin ya shiga. Na gani, na ajiye abin a raina.

An haifi 'yata ƙafarta ta hagu ba ta ƙarasa ba, ta tsaya kamar taƙi ɗaya ƙasa da gwiwa. A asibiti aka yi mata ƙafar roba ta farko tana da shekara biyu, ta biyu tana da huɗu. To yaro girma yake yi, roba kuwa ba ta girma. Lokacin da muka tare a wannan gidan haya tana gab da cika shida, ƙafar ta matse ta. Babanta yana aikin gini a wani gari mai nisa, sai ya yi wata biyu, wata uku, kafin ya leƙo mu. Ni ce uwa, ni ce uba, ni ce kuma a kan keken ɗinki daga safe har yamma.

Gidan ɗakuna shida ne a jere, da doguwar baranda ta siminti, da famfo ɗaya a tsakar gida. Namu ne na biyar, nasa na shida, can ƙurya. Ranar da muka tare na hango ƙafafun roba guda biyu rataye a tagarsa kamar shanya, sai na ja hannun 'yata na ce kar in kuskura in gan ta a wajen. Yaran unguwa Baba Mai Ƙafa suke ce masa, suna leƙa tagar su ruga a guje. Ni ba tsoronsa nake ba. Na dai gaji da masu kallon ƙafar 'yata, ko da kuwa da tausayi suke kallo.

Shi ya fara yi min magana. Wata safiya ina tara ruwa a famfo, sai na ji murya a bayana.

"'Yata, yarinyar nan tana gudun taka gefen waje. Ki duba mata ƙasan gwiwa, ta hagu. Akwai ciwo."

Bai taɓa ganin ƙafarta a buɗe ba. Ta bango yake jin takunta. Na shiga ɗaki na zare mata safar dungun, sai ga ciwo ya yi ja, girman ƙwandala. Ta ɓoye min ne don kar in hana ta wasa.

Daga ranar muka saba. Shekara talatin da huɗu ya yi a sashen ƙera ƙafafu na babban asibiti, yana yi wa mutane ƙafa da hannu, da takalman ƙarfe na yaran da ƙafafunsu suka shanye, da abin ɗaure baya. Da ya yi ritaya sai ya kwaso ɗan abin da yake nasa ya cika ɗakin: tebur mai maƙale da abin matse ƙarfe, magagari kala-kala, buhun farar hodar nan da ake ɗaure karaya da ita a asibiti. Gadonsa na can a takure a lungu kamar shi ne baƙo. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Ɗansu ɗaya, yana wata ƙasa, yana bugo waya ranar Lahadi in bai manta ba.

A jikin bango akwai kanta mai hawa uku, cike da farin zubi na dungun ƙafafun yara, manya da ƙanana. Kowanne an rubuta masa kwanan wata da shekarun mai shi da fensir.

"Baba, ba ka rubuta sunayensu?"

"Suna sirrinsu ne. Ni ƙafar na sani."

"To ba sa zuwa gaishe ka?"

Ya ci gaba da goga magagari a jikin abin da ke hannunsa. "Kin ga aikinmu, in ya yi kyau, ba wanda ya san an yi shi. Mutum ya sa dogon wando, ya yi aure, ya zama babba a ofis. In ya tsaya ya gaishe ni a kasuwa, ai ya tona kansa. Ina gane su, tun daga nesa. Ƙafata ba ta ɓace min. Sai in kau da kai in yi kamar ina taya tumatir."

"Wannan ai rashin kirki ne."

"A'a. Shi ne shaidar aikin ya yi."

Ya faɗa yana murmushi, amma bai ɗago ya kalle ni ba.

Shi ya sa mata suna Direba. Ya ce shi makanike ne kawai, ƙafar mota ce, ita ce mai tuƙi, kuma direban da ba ya gaya wa makanike gaskiya shi zai kwana a daji. Kafin wata guda duk gidan Direba ake kiranta, har ni. Kowace safiya in na dafa shayi sai in zuba masa a kofi, ita ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce, "Makanike, an kawo mai!"

Makonni uku ya yi yana aikin sabuwar ƙafar. Ya naɗe dungun da jiƙaƙƙen bandeji mai farar hoda, ya danna nan da babban yatsa, ya sassauta can, har ya daskare ya zare shi. Daga wannan zubin ya fitar da kwandon da dungun zai zauna a ciki. Ranar gwaji ya ce min, "Ara min jambakinki."

"Kai Baba! Zance za ka?"

"Wa zai kula tsohon da duk jikinsa hoda? Kawo dai."

Ya ɗiga jambakin a kan ƙashin dungun, ya sa ta zura shi a kwandon ta tsaya, sannan ya cire. Duk inda ja ya fito a ciki, nan ne yake danna ta, sai ya goge wurin kaɗan. Haka ya yi ta yi har ja ya daina fitowa inda bai kamata ba.

A ranar da nake ba ku labari, da ya gama juya notin, Direba ta sake zuwa ta dawo sau biyu, sai ya buɗe ido ya ce, "Yawwa. Mota ta hau titi." Sannan ya ƙwanƙwasa tsohon takalmin kambas ɗin da ke ƙafarta, wanda gindinsa ya suɗe ya zama shafal kamar faifai.

"Ƙafar nan da takalmin nan na ɗaura musu aure. In za ki raba su, ki zo wajen waliyyi tukuna."

Na yi dariya na ce to. Baba ba ya rabo da irin wannan zolaya, na ɗauka ita ce.

Saura kwana huɗu a buɗe makaranta, Direba za ta shiga aji ɗaya. Na ɗinka mata riga da hannuna, na goge ta har sau biyu. Na dubi kambas ɗin nan da babban yatsa ya kusa leƙowa, na ce wallahi 'yata ba za ta shiga cikin yara da wannan ba, abin kallo ɗaya ya ishe ta. Na je kasuwa na zaɓo mata baƙin takalmi mai maɗauri, mai kauri a dunduniya, irin wanda ke ƙwas-ƙwas a kan siminti. Tsohon kuwa na jefa shi a kwandon shara, mai kwasa ya tafi da shi.

Da la'asar na sa mata. Ta miƙe tana washe baki, ta ce bari ta je ta nuna wa Makanike. Taku na farko na ga gwiwarta ta yi gaba kamar an tura ta daga baya. Na biyu ta gyara. A na uku, daidai 'yar matattakalar da ke bakin ƙofarmu, gwiwar ta lanƙwashe, ta tafi da fuska. Haɓarta ta daki gefen simintin.

Ban san jini yana da yawa haka a haɓar yaro ba. Na danne wurin da gefen zanina, tana ihu, ni ma ina yi. Matar ɗaki na farko, wadda muke kira Anti Jarida don ba abin da ke wuce ta, ta rugo da tsumma da ruwa.

"Ai dama na so in gaya miki," ta ce tana matse tsumman. "Tsohon nan hannunsa ya mutu. Ba ki ga kofi ma da hannu biyu yake riƙewa ba? Kin ɗauki 'yarki ɗaya tilo kin ba shi yana gwaji."

Sai na tuna makullin nan da ya kuskure rami sau uku.

Ɗinki huɗu aka yi mata a ɗakin shan magani. Da muka dawo na kwantar da ita, na zare ƙafar da takalmin a jikinta, na nufi ɗaki na shida. Yana tsaye a bakin ƙofa, da alama tun ɗazu yake nan, ya dafa bango.

"Yaya jikin Direba? Na ji faɗuwar. Mu ga takal..."

"Ba abin da za ka gani!" na ce. "Takalmi sabo ne dal, ba abin da ya same shi. Ƙafarka ce. In ka san hannunka ya daina aiki, ai sai ka faɗa, ba ka mai da 'yar mutane abin koyon sana'a ba. Da idonta ne ya daki simintin fa? Da me za ka biya ni?"

"'Yata, saurara..."

"Ni ba 'yarka ba ce. Da kana da kirki da naka ɗan bai bar ka a nan kai kaɗai ba."

Wannan ta ƙarshen ban san daga ina ta fito ba. Magana kuwa zarar bunu ce. Ya dube ni. Sannan ya ja da baya a hankali ya tura ƙofarsa. Bai buga ta ba. Da ya buga da na fi jin daɗi.

Na ɗora ƙafar a kan kwaba, na ce kar Direba ta sake taɓa ta. Washegari na je babban asibiti. Ma'aikaci ɗaya ne a sashen ƙera ƙafafun, mutane kuwa har waje, masu sanda da masu keke. Ya duba littafinsa ya ba ni rana, mako bakwai nan gaba. Tsohuwar ƙafar ba ta shiga kuma. Saboda haka ranar da aka buɗe makaranta, goya Direba na yi, da sabuwar rigarta da filasta a haɓa, sandar dogarawarta a hannuna.

A bakin ƙofar makarantar wata yarinya ta nuna mu ta ce, "Kai, ku ga ƙatuwa an goyo ta!"

Direba ta cusa fuska a bayana. Na ji ɗumin hawayenta ya ratsa rigata. Kwana uku muka yi haka. A na huɗu ta ƙanƙame ƙafar gado ta ce ko zan yanka ta ba za ta je ba.

"Da ƙafata zan je, ko in zauna."

"Ƙafar nan ita ta fasa miki haɓa."

"Makanike zai gyara."

"Kar in sake jin sunansa a bakinki."

A kwanakin nan na daina kai shayi. Da farko ina jin rediyonsa ta bango, da ƙarar magagari jefi-jefi. Daga baya magagarin ya yi shiru. Sai rediyon ma. Bokitinsa shuɗi da kullum yake riga na kowa zuwa layin famfo, na lura kwana biyu ban gan shi ba. Na lura sarai. Na ce a raina ba ruwana, na ƙara taka keke da ƙarfi don kar in ji tarin da ke fitowa daga ɗakin.

Rana ta goma sha ɗaya, wajen azahar, ina fama da wuyan wata riga, sai na ji shiru ya yi yawa a bayana. Na waiga. Ga kujera a jikin kwaba, ƙafar ba ta sama, Direba ba ta ɗakin.

Na fito da gudu. Tana baranda, ta sa ƙafar da kanta, da baƙin takalmin, tana bin bango da hannu ɗaya tana nufar ƙurya. Kowane taku sai gwiwar ta yi gaba, ta cije ta mai da ita. Na buɗe baki zan daka mata tsawa, sai wata murya ta fito daga bayan ƙofa ta shida, siririya kamar ba tasa ba.

"Direba... motarki gangara take yi. Wa ya ɗaga miki baya?"

Ta tsaya. Ni ma na tsaya.

"Dunduniyar ta ƙaru," muryar ta ce, tana hutawa tsakanin kalmomi. "Kamar kaurin yatsa ɗaya. Ko da ɗan ɗori."

Na dubi takalmin. Na durƙusa na kara yatsana a jikin dunduniyarsa. Yatsa ɗaya da ɗan ɗori. Sai maganar waliyyi ta dawo min.

Ƙofar ba a kulle take ba. Ɗakin ya yi zafi, yana warin rufi. Yana kishingiɗe a kan gado an tara filo da tsummoki a bayansa, don in ya kwanta sosai numfashi ba ya zuwa. Ƙafafunsa sun kumbura sun yi suntum. A gefen gadon ga kofi busasshe, da ledar biskit da ba komai a ciki. Bokitin shuɗi na kife.

"Baba! Tun yaushe? Me ya sa ba ka buga bango ba?"

"Kina aiki. Ina jin keken."

"Tashi mu tafi asibiti. Yanzun nan zan samo mota."

"Za mu je. Kawo min motar Direba tukuna."

"Baba, don girman Allah..."

"In na shiga can ba lallai in fito ba, kin sani na sani. Yarinya kwana nawa ba ta je makaranta ba? Ina jin masu tafiya da safe, ba na jin nata."

Na tsayar da Direba a gaban gadon ta dafa tebur. Ya lalubo makullin a aljihu, ya sunkuya, sai numfashi ya sarƙe shi. Ya sake gwadawa. Makullin ya suɓuce ya faɗi ƙasa ya yi ƙara. Ya daɗe yana kallon hannunsa kamar na wani ne aka ba shi aro.

"Ɗauka," ya ce min.

"Ni? Baba, ban iya ba. Kar in ɓata."

"Wa yake saita miki keke in zare ya fara tsalle?"

"Ni ce."

"To ai shi ke nan. Durƙusa. Noti huɗu ne: gaba, baya, da gefe biyu. Na gefe ba ruwanki da su. Takalmin ya ɗaga dunduniya, sai duk ƙafar ta kifa gaba, take tura gwiwa. So muke mu dawo da ita tsaye. Fara sassauta na gaba. Kullum sassautawa ake fara yi, ba a fara da ɗaurewa. Rabin juyi."

Na zura makullin. Ya shiga. Na juya.

"Yanzu ɗaure na baya. Rabin juyi, daidai abin da kika ba na gaba. Abin da kika karɓa a can shi za ki mayar a nan."

Na ɗaure.

"Direba, fita baranda. Ki je famfo ki dawo. Ke kuma ki bar ƙofar a buɗe, kar ki bi ta."

Ya rufe ido. Na tsaya a bakin ƙofa na riƙe hannuwana a baya don kar su bi ta da kansu. Ta tafi, ta dawo.

"Da saura. Kin ji? Takun hagun yana saurin faɗuwa, kamar mai sauka daga tudu. Rufe idonki ki ji."

Na rufe. Da farko ba abin da na ji sai bugun zuciyata. Ta sake zuwa. Sai na ji shi: ɗaya taku cikakke, ɗaya gajere, kamar keken da bel ɗinsa ya saki.

"Na ji."

"Ƙara kwata. Gaba tukuna."

Sau uku muka yi. A na ukun Direba ta saki bango tun daga ƙofa, ta je famfo, ta zagaya shi, ta dawo, har da ɗan yanga a ƙarshe. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ba wanda ya fi wani. Ya ɗaga babban yatsa kawai, idonsa a rufe.

"Baba, maganar da na faɗa maka ranar nan..."

"Bi duk huɗun ki tabbatar sun kama. Kar ki bar ko ɗaya da sako-sako."

"Baba, ka yafe min."

"Uwa ce ke. Kaza ma in an taɓa ɗanta ba ta tambayar wane ne. Samo motar."

Ni da Anti Jarida muka riƙo shi har bakin titi, ita tana ta salati, ba ta ƙara cewa komai a kan hannunsa ba. Asibitin da ya yi wa aiki shekara talatin da huɗu muka kai shi. Mai rubuta kati ya tambaye shi sana'a, ya ce, "Makanike." Aka ce zuciya ce, ta gaji, ruwa ya taru a huhu. Aka ba shi gado na bakwai a ɗakin maza, kusa da taga. Daga tagar ana hango rufin sashensu na da. Na bugo wa ɗansa da wayar Baba, ya ce zai nemi jirgi.

Washegari Direba ta tafi makaranta da ƙafarta. Na bi ta a baya, taku goma tsakaninmu, haka ta gindaya min. A bakin ƙofa ba ta ko waiwayo ba.

Da aka tashi na wuce da ita asibiti da rigar makarantar a jikinta. An sa masa robar iska a hanci, ya faɗa sosai a kwana ɗaya. Idonsa a rufe, na ɗauka barci yake. Direba ta taho ta tsakanin gadaje, ƙwas, ƙwas, a kan tayil. Tun kafin ta iso na ga gefen bakinsa ya motsa.

"Wane makaniken ne ya yi wannan saitin?"

"Mamata ce!"

"Ashe an ƙwace min kasuwa." Ya huta. "Yaya hanya, Direba?"

"Lafiya lau. Har na yi tsere da wata, na zo ta biyu."

"Ku nawa ne?"

"Mu biyu."

Ya yi dariyar da ta koma tari. Da ya lafa na ciro makullin daga jakata zan sa masa a aljihu, ya girgiza kai.

"Riƙe. In kin sake takalmi, kin san waliyyi. Amma in kwandon ya matse ta, wannan ba na makulli ba ne, ki kai ta can." Ya nuna taga da ido. "Yaron da ke wurin ba laifi. Aiki ne ya yi masa yawa. Ki je da wuri, ki kuma tafi da jambakinki."

Ya rasu washegari da hantsi, lokacin Direba na aji, ni kuma ina gida ina zuba masa shayi a filas. Ma'aikaciyar jinya ta ce ba wanda ke kusa, ta zo duba shi ta tarar ya tafi. Ɗansa ya sauka da yamma.

Mutanen da suka raka shi ba su da yawa: 'yan gidanmu, mai gidan haya, tsofaffi biyu da suka yi aiki tare. Kwana uku ɗan yana kwashe ɗakin. Mutum ne mai natsuwa, yana ta yi min godiyar da ban cancanta ba. Ya tsaya a gaban kantar nan ya ce, "Waɗannan fa, Anti? Ban san na su wane ne ba."

"Shi ma bai rubuta ba," na ce. Na ɗauki na ƙarshe a hawa na ƙasa, mai shekara shida. Sauran aka zuba su a buhu.

A rana ta ukun wani mutum ya shigo gidan, mai furfura kaɗan, da dogon wando mai guga da takalmi mai sheƙi. Bai ce ga ko shi wane ne ba. Ya tsaya a ƙofar ɗaki na shida ya daɗe yana kallon teburin, ya ce Allah ya jiƙansa, ya juya. Ina zaune a kan keke ƙofata a buɗe. Da ya zo wucewa na tsayar da ƙafata. Takunsa na dama cikakke, na hagu da ɗan jinkiri kaɗan, wanda in ba an koya maka ba ba za ka ji ba. Muka haɗa ido. Na sunkuyar da kai na yi kamar ina neman allura.

Yanzu an sa wa ɗakin kwado, ba a samu mai haya ba tukuna. An wanke barandar, amma farar hodar ta ƙi fita daga tsagogin simintin da ke ƙofarsa. Makullin yana cikin aljihun keken ɗinkina, tare da ƙananan sukundireba.

Da safe in Direba ta saɓa jakarta, ba ta miƙewa waje kai tsaye. Sai ta fara yin hagu, ta je har ƙurya, ta juya a gaban ƙofar da ke kulle, sannan ta taho tsawon barandar gaba ɗaya zuwa bakin titi. Ban taɓa tambayarta dalili ba. Nakan tsaya a ƙofarmu da kofi a hannu, in jingina ƙeya da bango, in rufe ido.